Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata: Marayan Bebeji Da Ya Ƙi Zama Inda Ya Faɗi

Duk wanda ya ji sunan Ɗantata a yau, abin da ke fara zo masa a rai shi ne dalar gyaɗa da tarin dukiya. Amma mu abin da ya fi jan hankalinmu a tarihin wannan bawan Allah shi ne shekaru kusan arba'in na farkon rayuwarsa, domin a cikinsu ne za a ga irin mutumin da yake. Matasanmu da ke kafa 'yan sana'o'i, su rufe shago da zarar kasuwa ta juya masu baya sau ɗaya, su ne muka fi so su karanta wannan shafi.

An haifi Alhassan a garin Bebeji ta ƙasar Kano a shekarar 1877, a gidan Agalawa, mutanen da aka sani da fataucin goro tun kaka da kakanni. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, mai jagorantar ayari zuwa Gwanja. Yaro yana da kimanin shekara takwas uban ya rasu, aka raba gado tsakanin 'ya'ya masu yawa, abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce, ta tafi Ankara ta ƙasar da ake kira Gana a yau, ta bar shi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga sunan wannan baiwar Allah aka sami laƙabin da ya game duniya. Abin lura ne a ce gidan da ya fi kowane gidan kasuwanci suna a Arewa, sunan mai reno yake ɗauke da shi.

Bai gama tsayawa da ƙafarsa ba sai Yaƙin Basasa ya ɓarke a Kano a 1893, tsakanin Tukurawa da Yusufawa. Agalawa suna ɓangaren Sarki Tukur, shi kuwa ɓangaren aka ci da yaƙi. Aka washe dukiyar mutanen Bebeji, aka kama Alhassan tare da 'yan'uwansa, sai da aka biya fansa suka kuɓuta. Saurayi mai shekara goma sha bakwai, ba uba, uwa tana nesa, ɗan abin da ya tara ya salwanta. Da yawa a irin wannan hali gona suke komawa su haƙura, kuma ba mai ganin laifinsu. Shi kuwa sai ya bi ayari ya kama hanyar Gwanja.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan wannan hanya, domin yaran yanzu da ke shiga mota su kwana a Kumasi ba su san abin da kalmar fatauci take nufi ba. Tafiya ce ta watanni a ƙafa, da jakuna, ana ƙetare Kwara, ana biyan fito da kuɗin hanya ga kowane sarki, ana kwana da fargabar 'yan fashi. A kai kanwa da tufafin Kano da fatu, a dawo da goro. Goro kuwa kaya ne mai rai, ba ya son sakaci. Sai an naɗe shi da ganye, a riƙa kwance huhu ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda sankara ta kama kafin ya ɓata sauran. Falken da ya yi kasala mako guda, ya yi asarar wahalar shekara. A wannan makaranta Alhassan ya yi karatunsa na kasuwanci. Ko da ya isa wurin mahaifiyarsa a Ankara, ba ta shimfiɗa masa gadon hutu ba, wurin malami ta kai shi, ya ci gaba da karatu yana neman na kansa.

A nan ne muke ganin bambancin naci da taurin kai. Mai taurin kai hanya ɗaya yake bi ko da ta toshe. Alhassan bai saki goro ba, amma ya sake hanya. Ya lura jiragen ruwa na zirga-zirga tsakanin Ankara da Ikko, ya fara ɗora goronsa a kansu wajen shekarar 1906, yana cikin 'yan Arewa na farko da suka yi haka. Tafiyar da ke cin watanni ta ragu ƙwarai, goro ya riƙa isa kasuwa da sauran ɗanyensa. A dawowa kuma ya riƙo duwatsun wuya da yadin Turawa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa rai za su kwasa don masaƙun Ingila, amma manoman Kano suka yi lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma in fari ya zo ana iya cinta. Kamfanonin Turawa ba su san ƙauyuka ba, ba su san wanda za a ba bashi ya biya ba. Alhassan, wanda ya riga ya dawo birni ya zauna a Ƙoƙi, ya san wannan duka. A 1918 kamfanin Neja ya nemi ya riƙa saya masa gyaɗa. Lokacin yana da shekara arba'in da ɗaya. Ya baza wakilai cikin karkara, yana ba da kuɗi tun kafin kaka, amana tana tafiya daga hannu zuwa hannu. Farashin gyaɗa ya faɗi warwas bayan Yaƙin Duniya na Farko, dillalai da dama suka karye, amma zuwa 1922 shi ne attajirin da ya fi kowa a Kano, ya wuce manya irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo. A 1929, kuɗin azurfa kayan raƙuma ashirin ya kai ajiya bankin Bank of British West Africa a Kano.

Duk da haka akwai ƙofar da aka daɗe ana rufe masa. Babban mai saya wa kamfanin UAC ne, amma ribar gaske tana wajen wanda ke da lasin ɗin hulɗa kai tsaye, wannan kuwa kamfanonin Turawa suka riƙe wa kansu. Ya nema a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, aka hana shi. Bai yi fushi ya watsar da gyaɗa ba, ya ci gaba da saye yana tara buhuna har suka zama dalar da aka riƙa bugawa a hotuna. Sai a kakar 1953 zuwa 1954 ya zama mai lasin na hukumar cinikin gyaɗa, yana tsoho mai shekara saba'in da shida.

Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a unguwar Sarari cikin birnin Kano. Kafin cikawarsa ya yi wa 'ya'yansa wasiyya da su riƙe zumunci, kada su bari kamfanin ya wargaje. Dalar gyaɗa ta ɓace a shekarun 1970, bayan fari da cutar gyaɗa da zuwan kuɗin man fetur, amma gidan ya riga ya shiga sufuri da gine-gine a hannun 'ya'yansa irin su Sanusi, da Aminu wanda ya rasu a 2025. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan, ya jiƙan Tata da ta rene shi.