Francis Bebey, ɗan jaridar da ya mai da gidansa kamfanin faifai

Ranar 28 ga watan Mayu na shekarar 2001 ne Allah ya yi wa Francis Bebey rasuwa a birnin Paris, yana da shekaru 71. An haife shi a Duwala ta ƙasar Kamaru a 1929, ɗan wani fasto. Mu ma'aikatan rediyo namu muke ɗaukarsa, domin a gidan rediyo ya fara neman abinci kafin ya shiga hukumar UNESCO a 1961, inda har ya riƙe sashen kiɗa.

A 1974, yana da shekaru 45, ga iyali a ƙasar Turawa, sai ya ajiye wannan babban aiki ya rungumi kiɗa. Duk wanda ya taɓa barin albashi ya buɗe rumfa ya san irin wannan kasada.

Bai tsaya jiran manyan kamfanoni ba. Ya girka kayan naɗar sauti a cikin gidansa, ya kafa nasa kamfanin mai suna Ozileka. Shi ke kaɗa jita, shi ke rera waƙa, shi ke taɓa na'urar lantarki mai kwaikwayon sautin kayan kiɗa, ganga kuma wata na'ura ce ke buga masa. Sai ya naɗi wannan, ya dawo ya ɗora wancan a kai, har waƙa ta cika, mai sauraro ya zaci makaɗa goma ne. Haka aka samu La condition masculine a 1976, inda yake yi wa wani magidanci ba'a, mai kukan cewa matarsa ta waye ta daina jin maganarsa. Daga baya ya haɗa lantarkin da sanza, wadda ake kaɗawa da manyan yatsu, da kuma 'yar sarewar mutanen kurmin tsakiyar Afirka mai sauti ɗaya tak.

Hannunsa bai tsaya a faifai ba. Littafinsa Le Fils d'Agatha Moudio ya ci babbar kyautar adabin baƙar fatar Afirka a 1968, kuma shi ya yi kiɗan Yaaba, fim ɗin Idrissa Ouédraogo na Burkina Faso, a 1989.

Hajar kuwa ba ta kwanta ba. A 2012 kamfanin Born Bad na Faransa ya tattara waƙoƙinsa na 1975 zuwa 1982 ya sake fitarwa, samarin Turai suka yi ta saye. A 2017 ƙungiyar Arcade Fire ta Kanada ta ari busar sarewarsa ta The Coffee Cola Song, kuma ɗansa Patrick ne ya busa musu.