Joji Mula, Wanda Ya Kai Kukansa ga Allah

Ɗan'uwa, ko hatsin rumbunka ya kusa ƙarewa, aiki kuwa babu? To, ka ji labarin Joji Mula.

An haife shi a ƙasar Jamus a 1805. Tun yana yaro yakan saci kuɗin ubansa. Yana da shekara 16 aka sa shi kurkuku, gama ya kwana masauki bai biya ba. A 1825 ya je wani taron addu'a, ya tuba, ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu.

Ya tafi Ingila, ya zama mai wa'azi. A 1836 shi da matarsa suka buɗe gidan marayu a birnin Biristol. Ya ƙudura abu biyu: ba zai roƙi mutum kuɗi ba, ba kuwa zai ci bashi ba. Allah kaɗai zai faɗa wa.

Kada ka zaci abin ya zo da sauƙi. Daga 1838, sau da yawa gari yakan waye ba kuɗin cefane. Sai su durƙusa su yi addu'a, taimako kuwa ya zo a kan kari. Kafin rasuwarsa a 1898, ya riƙe marayu fiye da 10,000.

A shekarun nan na wuya, abincin yini ɗaya ɗaya Ubangiji ya riƙa ba shi. Kai fa? Yau da dare ka tara iyalinka, ku faɗa wa Ubangiji bukatarku filla-filla. Da safe ka fita neman aiki da bangaskiya.