Alekzanda Filemin, mutumin da ya gano fenisilin

Ɗan'uwa mai karatu, ka san allurar fenisilin. To, ka san wanda ya gano ta?

Sunansa Alekzanda Filemin, ɗan manomi ne. An haife shi a ƙasar Sikotilan a 1881. Ya yi karatun likita a Landan.

A 1928, hunhuna ta tsiro cikin farantin da yake kiwon ƙwayoyin cuta don bincike. Sai ya ga ƙwayoyin da ke kusa da ita sun mutu. Daga baya masana biyu, Fulori da Cen, suka tace maganin daga hunhunar. Su uku aka ba kyautar Nobel a 1945. Maganin ya ceci miliyoyin mutane.

Amma Filemin ya yi gargaɗi: in maganin da aka sha bai kai ƙima ba, ƙwayoyin cuta za su saba da shi. Ya rasu a 1955. Yau wasu cututtuka ba su jin fenisilin.

Saboda haka, kada ka sayi ƙwaya biyu a tebur ranar kasuwar Dogon Kiriya. Je likita. Abin da aka rubuta maka, shanye shi duka, ko ka ji sauƙi.