Wiliyam Hershel, makaɗin da ya gano hasken da ido ba ya gani

Yau tarihinmu na wani Bajamushe ne, Wiliyam Hershel. An haife shi a garin Hanoba a 1738. Sana'ar gidansu kiɗa ce, shi ma ya tashi yana busa a ƙungiyar makaɗan soja. A 1757 ya ƙaura Ingila, ya ci gaba da neman abinci da kiɗa da koyar da shi.

Sai da ya haura shekara talatin son taurari ya kama shi. Madubin hangen nesa mai kyau ya fi ƙarfin aljihunsa, don haka ya koyi ƙera nasa da hannunsa, ƙanwarsa Karolin tana taya shi. Ranar 13 ga Maris 1781, a garin Bath, ya gano duniyar Yuranus. Sarki Joj na Uku ya yanka masa albashi, ya bar kiɗa.

To, aikin da ya kawo mu nan ya zo ne a 1800. Ya ratsa hasken rana ta gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rabu launi-launi kamar bakan gizo. Ya sa ma'aunin zafi a kowane launi, sannan ya matsar da shi gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai. Nan ne zafin ya fi hawa. Ashe akwai haske ɓoyayye a wurin. Shi ake kira infrared, irin wanda ma'aunin zazzaɓi na goshi ke aiki da shi a asibiti.

Amfaninsa a sama fa? Tauraro in ya tsufa yakan kumbura, fuskarsa ta rage zafi, ya yi ja, yana fitar da iskar gas da ƙura har su lulluɓe shi. Hasken da muka sani ba ya ratsa ƙurar sosai, amma ɓoyayyen yana wucewa. Da shi masana ke auna abin da tauraron ke zubarwa, wanda daga baya yake shiga cikin sababbin taurari.

Hershel ya rasu a 1822. A 2009 hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba wani madubi mai sunansa, faɗinsa mita 3.5. Da shi aka gano tururin ruwa mai ɗumi kewaye da tsohon tauraron CW Leonis.