Rukmini Devi: Matar da ta sake wa rawar Indiya tufafi, ta kuma ƙi tayin shugabancin ƙasa

Duk wanda ya taso da kallon fina-finan Indiya a Katsina, tun zamanin sinima da kaset har zuwa yau da ake tura Indiya-Hausa daga waya zuwa waya, ya san wannan hoton. Mace ta tsaya a tsakiyar dandamali, ƙananan ƙararrawa ɗaure a idon sawunta. Ta buɗe gwiwoyinta ta rage tsawo kamar za ta zauna, sai wani ninkakken yadi da ke gabanta ya baje kamar mafici.

Sunan rawar Bharatanatyam, kuma fitattun jarumai irin su Vyjayanthimala da Hema Malini duk ita suka koya tun suna yara. Asalin rawar ya daɗe ƙwarai, amma shigar da ake yin ta da ita a yau a shekarun 1930 aka tsara ta. Matar da ta fi kowa hannu a wannan aiki ita ce Rukmini Devi Arundale, wadda ta rasu a 1986. Daga gyaran tufafin rawa ta zarce zuwa ceto saƙar hannu ta yankinsu da ke neman mutuwa.

Auren da ya tayar da ƙura

An haife ta a birnin Madurai da ke kudancin Indiya ranar 29 ga Fabrairun 1904, ranar da sai bayan shekara huɗu take zagayowa. Iyayenta 'yan Brahmin ne, ajin malaman addinin Hindu da ke saman kowa a tsarin zamantakewarsu. Mahaifinta, Neelakanta Sastri, injiniya ne a ma'aikatar ayyuka. Mahaifiyarta, Seshammal, mai son waƙoƙin gargajiya ce.

Mahaifin ya shiga ƙungiyar Theosophical Society, mai nazarin addinai da falsafa, wadda hedikwatarta ke unguwar Adyar a birnin Madras, wato Chennai ta yanzu. Da ya yi ritaya sai ya kwashe iyalinsa zuwa can. A nan Rukmini ta haɗu da George Arundale, Bature ɗan Ingila, malamin makaranta, kuma na hannun daman shugabar ƙungiyar, Annie Besant.

Sun yi aure a 1920, tana da shekara 16, shi kuma ya ba ta shekara 26. Masu riƙon al'ada a Madras sun yi ca a kan danginta, domin a wurinsu 'yar Brahmin ba ta auren bare, balle Bature. Wannan ne karon farko da ta ɗanɗana fushin mutanen garinsu.

Auren ya buɗe mata hanyar zagaya duniya. A 1928 shahararriyar mai rawar bale 'yar Rasha, Anna Pavlova, ta yi wasa a Bombay, daga baya kuma suka shiga jirgin ruwa ɗaya zuwa Ostireliya. Rukmini ta fara koyon bale a hannun ɗaya daga cikin 'yan tawagarta, Cleo Nordi. Pavlova ce ta ba ta shawarar ta koma gida ta nemi rawar ƙasarta.

Rawar da ake kunyar ambata

Abin da ta tarar a gida ba mai daɗi ba ne. A lokacin ana kiran rawar Sadir, kuma sana'ar gado ce ta wasu mata da ake kira devadasi, waɗanda ake sadaukar da su ga wuraren bautar Hindu tun suna ƙanana. Ba sa aure irin na kowa. Da sarakunan da ke ɗaukar nauyinsu suka rasa ƙarfi a zamanin mulkin Turawa, da yawansu sun dogara da attajirai, jama'a kuma suka riƙa yi musu kallon karuwai. A 1930 wata likita 'yar majalisar Madras, Muthulakshmi Reddy, ta gabatar da ƙudurin haramta sadaukar da yara mata ta wannan hanya.

A farkon shekarun 1930 Rukmini ta ga rawar a taron Madras Music Academy, inda wani lauya, E. Krishna Iyer, ke fafutukar kada a jefar da rawar tare da al'adar. Ta nemi wata tsohuwar devadasi, Mylapore Gowri Ammal, ta koya a wurinta, sannan ta koma hannun babban malamin rawar, Meenakshisundaram Pillai na garin Pandanallur. Mai karatu ya ƙaddara 'yar babban limamin gari ta je ta durƙusa gaban zabiya tana neman a koya mata sana'a. Kusan haka mutanen Madras suka ɗauki lamarin.

A Disambar 1935, a bikin cikar ƙungiyar mijinta shekara 60, ta hau dandamali a Adyar ta yi rawar a bainar jama'a. Tana da shekara 31. Ba da daɗewa ba, a Janairun 1936, ita da mijinta suka kafa makarantar da daga baya aka raɗa wa suna Kalakshetra.

Daga jikin dutse zuwa teburin tela

Rukmini ta gane cewa ido ne ke fara yanke hukunci kafin kunne. Matan da ta gada suna rawa da wando a ciki, su naɗa sari a kansa, makaɗa kuma na tsaye a bayansu suna bin su gaba da baya a kan dandamali. Ta zaunar da makaɗan a gefe guda, ta bar wa mai rawa fili ita kaɗai.

Sai batun tufafi. Tsofaffin wuraren bauta na ƙasar Tamil cike suke da sassaƙen masu rawa. A ƙofofin babban wurin bauta na Chidambaram an sassaƙa salon motsi 108 da tsohon littafin Natyashastra ya lissafa, kowane da yadda aka ajiye ƙafa da hannu. Waɗannan siffofi na dutse da na tagulla ta tsaya ta nazarta, ta duba yadda mayafi ke kwanciya a ƙugu, inda ɗamara ke zama, da irin kayan adon kai da na wuya.

Tare da wata tela 'yar Italiya ta fitar da ɗinkin da ya manne wa ƙafa ba tare da ya takura ta ba. A tsakanin ƙafafun aka ɗinka ninkakken yadin nan. Dalilinsa shi ne tsayuwar da ake kira aramandi, wato rabin zama, wadda ita ce ginshiƙin rawar. Idan mai rawa na tsaye ninkin a rufe yake. Da ta buɗe gwiwa sai ya baje, launin bakin zanen da zaren zinarensa su bayyana. Mai kallo daga can bayan zaure yana iya gane ko ta sauka daidai ko ta yi ha'inci. Tela ce ta ɗinka shi, amma ma'aunin gwiwar mai rawa ne.

Masaƙar da ta tashi daga tsofaffin zannuwa

Sabon ɗinki yana buƙatar yadi mai kyau, kuma a nan ta ci karo da wata matsalar. Kayan masana'antu masu araha sun cika kasuwa, rinin kanti ya kori na itatuwa, masaƙa kuma sun koma kwaikwayon zanen Turawa don su samu ciniki. Salon da kakanninta suka ɗaura yana ɓacewa.

A 1937 ta buɗe sashen saƙa a Kalakshetra. Ta riƙa bin 'yan uwa da ƙawaye tana karɓar tsofaffin zannuwan sari da aka jibge a akwati, har da waɗanda suka yage, don masaƙa su ƙirga zare su dawo da zanen yadda yake.

Abin da ta fi dagewa a kai shi ne saƙar korvai ta yankin Kanchipuram. A wannan saƙa jikin zane launinsa daban, bakinsa na sama da na ƙasa launinsu daban, kuma ba ɗinke su ake yi ba. A kan masaƙa ake sarƙe su, zare cikin zare, da ƙoshiya uku. Mutum biyu ke zama, masaƙi da mai taya shi jefa ƙoshiya, shi ya sa aikin ke cin lokaci da kuɗi, shi ya sa kuma aka fara gudunsa. Inda launukan biyu suka haɗu yakan fito da jerin tsini masu kama da hasumiyar wurin bauta.

A bakin zanen ake saƙa mangwaro, aku, dawisu, furen bado da wani tsuntsun ruwa da suke kira annam. Wanda ya san rawar zai ga wani abu a nan. Littafin Abhinaya Darpana da ɗaliban rawar ke haddacewa ya kawo alamomi 28 da ake yi da hannu ɗaya, daga cikinsu akwai dawisu, bakin aku, bakin tsuntsun ruwa, tohon bado da kan barewa. Ke nan abin da yatsun mai rawa ke nunawa a sama, sau da yawa shi ne a saƙe a gefen zanenta.

A 1978, da ƙarfafawar Kamaladevi Chattopadhyay, wadda ta yi suna wajen kare sana'o'in hannu a Indiya, Rukmini ta ƙara sashen kalamkari. Kalmar danginta ɗaya da alƙalami, domin da tsinken gora ake zana hoto a kan yadin auduga. Marinin Katsina ko na Ƙofar Mata a Kano ba zai ga baƙon abu a kayan aikin ba. Ana jiƙa yadi a madarar ɓauna da 'ya'yan wani itace mai bauri irin na bagaruwa. Baƙin tawada daga tsatsar ƙarfe da mazarƙwaila ake haɗa shi. Alif ke kama jan launi, shuɗi kuma baba ne. A kalamkari ne ake zana mutane, har da masu rawa a tsayuwarsu, kuma irin waɗannan hotuna, da na alamomin hannu, su ne a yau suka bazu a kan sari, gyale da jakunkuna.

Ko Najeriya tana da tsohuwar alaƙa da masaƙan wannan yanki. Yadin joji da matan Ibo da Kalabari ke ji da shi asalinsa daga Madras aka riƙa kawo shi, ana ma danganta sunan da ganuwar Fort St George ta birnin.

A nan Arewa mun san irin wannan ciwo. Aska takwas da tambari da dagi suna nan a wuyan riga, amma keke ne ke yin mafi yawansu. Saƙi da barage da tsamiya sun zama kayan manya da na ranar hawa, yayin da audugar Funtua da Malumfashi ke neman masaƙun da za su saye ta tun bayan durƙushewar na Kaduna. Rukmini ba ta jira kasuwa ta gyaru ba. Ta samar wa masaƙanta masu saye na dindindin, wato ɗalibanta da wasanninta, sannan matan manya suka biyo baya.

Waɗanda aka bari a baya

Gyaran nata bai zo kyauta ba. Don iyaye masu mutunci su yarda su kawo 'ya'yansu, ta tace waƙoƙin, ta cire waɗanda take ganin sun yi nisa a zancen sha'awa, ta ƙarfafa ɓangaren ibada.

Balasaraswati, wadda aka haifa a 1918 a gidan da ya gaji kiɗa da rawa tun daga fadar Thanjavur, ba ta taɓa yarda da wannan ba. A ganinta babu ƙazantar da za a wanke a rawar kakanninta, kuma soyayyar da ke cikin waƙoƙin ita kanta hanyar bauta ce. Masana da dama sun tafi a kan cewa ita ce gwanar gwanaye a ƙarninta.

A 1947 Madras ta kafa dokar da ta haramta tsarin devadasi. Rawar ta samu daraja, ta shiga makarantu da gidajen masu kuɗi, amma mafi yawan matan da suka riƙe ta ɗaruruwan shekaru sun koma gefe, wasunsu cikin talauci. Ba Rukmini ce ta kawo dokar ba, ta kuma ɗauki malaman gado aiki a makarantarta, har da Gowri Ammal. Duk da haka, zai yi wuya a musanta cewa sabuwar shigar da ta tsara ta taimaka wajen sa masu kallo su manta da masu tsohuwar. Har yau ana wannan muhawara a Indiya.

Majalisa da tayin Morarji Desai

Mijinta ya rasu a 1945, bayan sun gayyato Maria Montessori ta koyar da tsarin karatun yara a Adyar a 1939. Daga baya makarantar ta bar filin ƙungiyar, Rukmini ta tara fili a Thiruvanmiyur kusa da teku, suka tare a farkon shekarun 1960. A tsakanin 1955 da 1970 ta shirya wasannin rawa shida kan labarin Ramayana, kuma ita ke zaɓen launin kowace riga.

A 1952 aka naɗa ta a majalisar dattawan Indiya, Rajya Sabha, mace ta farko da ta shiga ta hanyar naɗi. A can ta mayar da hankali kan dabbobi, domin ba ta cin nama. Ƙoƙarinta ne ya haifar da dokar hana zaluntar dabbobi ta 1960, da hukumar kula da walwalarsu ta 1962 wadda ta shugabanta. Ta samu lambar yabo ta Padma Bhushan a 1956.

A 1977 firaminista Morarji Desai ya yi mata tayin tsayar da ita takarar shugaban ƙasa. Da ta amsa, kuma ta ci, da ta riga Pratibha Patil zama mace ta farko a kujerar da shekara 30. Ta ƙi, ta zaɓi zama a makarantarta.

Ta rasu a Madras ranar 24 ga Fabrairun 1986, saura 'yan kwanaki ta cika shekara 82. A 1993 majalisar dokokin Indiya ta ayyana Kalakshetra a matsayin cibiya mai muhimmanci ga ƙasa, kuma sashen saƙar da ta buɗe a 1937 yana nan yana aiki.