Taƙaitaccen Tarihin Amir Abdulƙadir na Aljeriya

An haifi Amir Abdulƙadir a shekarar 1808 a wani ƙauye kusa da birnin Mu'askar, yammacin ƙasar Aljeriya. Mahaifinsa, Shehu Muhyiddini, babban malami ne na Ɗariƙar Ƙadiriyya. A gabansa ya haddace Alƙur'ani, ya karanci fiƙihu da hadisi, kana suka tafi aikin hajji tare, suka ziyarci Dimashƙa da Bagadaza.

A shekarar 1830 Faransawa suka ci birnin Aljiyas, mulkin Turkawa ya faɗi, ƙasa ta zama ba shugaba. Da jama'ar yamma suka ga abin ya ƙazanta, sai suka taru a watan Nuwamba na 1832 suka yi wa Abdulƙadir mubaya'a, yana ɗan shekara 24.

Ya fahimci cewa yaƙi ba ya ɗorewa in babu hukuma a bayansa. Saboda haka ya kasa ƙasar kashi takwas, kowane kashi da halifansa. Ya naɗa alƙalai, ya tsara karɓar zakka, ya kafa soja masu albashi da maƙerun bindigogi, ya kuma buga kuɗi mai suna Muhammadiyya. Bayan ya karya rundunar Faransa a Makta a 1835, aka yi sulhun Tafna a 1837, shekarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno. Sulhun ya bar masa wajen kashi biyu cikin uku na ƙasar.

Yaƙi ya sake tashi a 1839. Janar Bujo ya ga ba ya iya kama shi a fagen daga, sai ya koma ƙone gonaki da rumbuna da kwashe dabbobi, domin yunwa ta raba talakawa da shugabansu. A 1843 aka ci sansaninsa na tantuna, aka warwatsa littattafansa. A 1844 Faransa ta ci rundunar Maroko, mafakarsa ta toshe. Da ya ga ci gaba da yaƙi zai ƙarar da jama'arsa, ya ajiye makamai a watan Disamba na 1847, bisa alkawarin za a bar shi ya tafi Iskandariyya ko Akka. Faransa ta saɓa alkawari, ta tsare shi har 1852.

A 1855 ya sauka a Dimashƙa yana karantarwa. Lokacin da fitina ta ɓarke a 1860 aka far wa Kiristocin birnin, ya fita da mutanensa suka kuɓutar da dubbai, ya buɗe musu gidansa, alhali kuwa da Kiristoci ya yi shekara goma sha biyar yana yaƙi. Ya nuna cewa zalunci yake gaba da shi, daga kowane ɓangare ya fito.

Ya rasu ranar 26 ga Mayu, 1883, aka binne shi kusa da kabarin Shehu Ibnu Arabi. Jikokin mutanensa suka ɗaga tutar neman 'yanci a 1954, Aljeriya ta sami mulkin kai a 1962. A 1966 sabuwar gwamnati ta mai da gawarsa gida, kuma akwai babban masallaci a birnin Kusantina mai ɗauke da sunansa. Allah Ya jiƙansa, Ya ba mu shugabanni masu riƙon amana irinsa, amin.