Tarihin Felix Eboue, Gwamnan Chadi

Mu da ke koyar da tarihi a Sakkwato, ya kamata mu sanad da yaranmu labarin Felix Eboue, baƙin mutum wanda Majalisar Dokokin Faransa ta girmama saboda taimakon da ya yi wa Ƙawaye a Yaƙin Hitila.

An haife shi a Cayenne, ƙasar Giyana ta Faransa, cikin 1884. Ya yi karatu a Bordeaux da Faris, sa'an nan ya daɗe yana aikin mulki a Ubangi-Shari. Cikin 1939 ya kama aikin Gwamnan Chadi.

Da Jamus suka ci Faransa cikin watan Yuni 1940, sai gwamnonin ƙasashen Faransa suka rabu biyu. Nijar ta bi Gwamnatin Vichy, wadda ta sallama wa Jamus. Saboda haka iyakar da ke tsakanin Illela da Birnin Ƙonni ta zama iyakar ɓangarori biyu masu gaba da juna har Nuwamba 1942, alhali kuwa mutanen garuruwan nan 'yan'uwan juna ne. Shi kuwa Eboue sai ya tuntuɓi Gwamnan Nijeriya, Sir Bernard Bourdillon, ya kuma ba da sanarwa ran 26 ga Agusta 1940 cewa Chadi ta bi Janar de Gaulle. Vichy ta tuɓe shi, ta yanke masa hukuncin kisa ba ya nan, amma bai ja da baya ba.

Amfanin wannan ƙuduri ba kaɗan ba ne. Jiragen saman yaƙi na Ingila da ke tashi daga Takoradi, su sauka Kano da Maiduguri, sun sami hanyar wucewa ta Fort Lamy, watau Njamena ta yau, zuwa Khartoum da Masar. Daga Chadi kuma Leclerc ya tashi da rundunarsa ya ci Kufra cikin 1941.

Eboue ya rasu a Alƙahira ran 17 ga Mayu 1944, bai ga ƙarshen yaƙin ba. Majalisa ta yi doka cikin 1948, aka kai gawarsa Pantheon, makwancin manyan Faransa, ran 20 ga Mayu 1949. Shi ne baƙin mutum na farko da aka binne can. Da ya bi sahun gwamnonin Vichy, da Nijeriya ta Arewa ta kwana da abokan gaba gabas da arewa duka.